Kwana Tara, Ligali

Ranar Litinin da safe Tela ya ja ƙofar shagonsa ya datse, abin da bai taɓa yi a ranar aiki ba sai sau ɗaya da aka cire masa haƙori, ya bi Maɓalli zuwa ofishin da ake karɓar takardun masu tafiya karatu. Yarinyar ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon gyaran injin jirgin sama, a wani birni mai nisan yini guda a mota, kuma cikin mutum ɗari huɗu ita ce ta shida. Tun da sakamako ya fito, babu wanda ya kawo ko ɗinkin aljihu ya fita daga shagon bai ji labarin wannan ta shidan ba. Abu ɗaya ya rage. Shekarunta goma sha bakwai, don haka sai babba ya sa hannu a ƙasan fom.

Kwana uku ya yi yana gwada sa hannun a bayan kwalin zare, har ya samo wata lanƙwasa a ƙarshe da ta yi masa. Suka bi layi kusan awa guda. Duk wanda ya ƙirƙiro gilashin nan mai ɗan rami da ake sawa a ofisoshi bai taɓa tsayawa a gabansa ba, don dole mutum ya duƙa ya faɗi sirrin gidansu da ƙarfi, mutum arba'in suna saurare. Ma'aikaciyar da ke ciki ta karɓi katin shaidarsa da takardar haihuwar yarinyar, ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Kai ne mahaifinta?"

"Ni ne babanta."

"Sunan da ke takardar haihuwa ba naka ba ne."

"Ai shi wancan ya rasu tana da shekara biyu. Na auri uwarta tana da uku. Ita ma uwar Allah ya yi mata rasuwa yarinyar tana da shida. Tun daga nan kuwa..." Ya buɗe hannuwa, ya nuna Maɓalli daga sama har ƙasa, kamar mai nuna aikin da ya gama.

"Na gane, Baba. Amma ligali, kai wane ne a wurinta?"

Ya waiga ya dubi Maɓalli. Turancinsa na inci ne da yadi, bai kai nan ba.

"Wato a wurin doka, Baba," ta ce a hankali.

"To, a wurin doka ni wane ne?"

Matar ba muguwa ba ce, layi ne ya yi mata yawa. Ta turo takardun ta ramin. "Ligali, ba kowa ba. Ko a kawo ɗan'uwan mahaifinta na jini ya sa hannu, ko kai ka kawo takardar kotu cewa kai ne mariƙinta. Muna rufewa Juma'ar makon gobe, ƙarfe huɗu. Na gaba."

Suka koma gida. Abin ya yi masa ciwo, ciwo sosai, kuma ya rasa wanda zai ji wa haushi.

Ɗan'uwan jinin kuwa akwai shi. Baffan yarinyar ne, ƙanen mahaifinta, direban babbar mota, yana can ɗaya gefen gari. Lokacin da uwar ta rasu dangin uba suka ce a bar ta nan tukuna, sai an ɗan kwana biyu. Ba su sake tayar da maganar ba, Tela kuma bai ga dalilin tuna musu ba. A shekara goma sha ɗaya Baffa ya zo ganinta sau biyar, kullum da ledar biskit da fuskar mai jin kunya.

Goggo, yayar Tela, wadda ta zo taya shi rainon yarinyar na wata ɗaya har yau ba ta koma ba, ita ta yanke magana tana tsinke ganye a tsakar gida.

"To mene ne abin zaman makoki? A kira Baffanta."

Maɓalli ta kira. Baffa ya ce ko yau a kawo, shi mai sa hannu ne, har ya tambaya ko ana bukatar ya zo da kansa. Da mutumin ya yi gardama da Tela ya sami sauƙi. Amma ga shi da kirki, ga shi a shirye, zai ɗauki biro cikin daƙiƙa biyu ya zauna a layin da Tela ya yi kwana uku yana share wa kansa. Kishi ne ya kama shi, tsagwaronsa, kuma ya san kishi ne.

Washegari Allah ya kawo Lauya gwajin wando. Lauya tsohon kwastoma ne, mutum mai sauri, wanda ba a samun minti biyar a hannunsa. Amma wanda ya tsaya a kan benci da fil goma sha biyu a ƙafar wandonsa ba ya zuwa ko'ina. Tela ya durƙusa yana kalmasa, ya zayyana masa komai da sauran fil a baki.

"Wannan ai ba wani abu ba ne," in ji Lauya. "Takardar rasuwar iyaye, amincewar baffan, shaida ɗaya daga unguwa, sai duk wani abu da ke nuna kai ka riƙe ta. Zan nema mana zama Alhamis ɗin makon gobe. Kai, ka soke ni."

"Yi haƙuri. Idan aka ba ni takardar, ligali ni ne?"

"Ligali kai ne, har zuwa ranar da za ta cika..."

Tela bai ji sauran ba. Daga "kai ne" kunnensa ya rufe. Ya miƙe, ya tofar da fil a tafin hannu, ya maimaita kalmar sau biyu don ya ji yadda take zama a baki. Jiya da ita aka mare shi, yau an ce za ta zama tasa. Sai ya ji tana da daɗin faɗi, gajera, mai santsi, kuma duk wanda aka faɗa wa sai ya ɗan gyara tsayuwa.

Mai aski, maƙwabcin shagonsa, shi ya fara ɗanɗanawa. Shekara bakwai bencinsa yana rarrafowa gaban shagon Tela, ba a taɓa cewa komai ba. Ranar Tela ya fito da tef ya auna.

"Ligali, bencin nan ya shigo mini da inci tara."

Mai aski ya dube shi, ya dubi tef ɗin, ya ja bencinsa. Tela kansa bai zaci abin zai yi aiki ba. Ya koma ciki yana dariya shi kaɗai, ya taka keken ɗinki da irin ƙarfin da ya sa zare ya tsinke.

Daga nan ba a sake samun lafiya ba. Wani ya zo karɓar riga kafin ranar alkawari, aka ce masa ligali sai Asabar. Mai kawo burodi ya jingine babur a ƙofa, aka sanar da shi matsayinsa ligali. Kyanwar mai kyamis ma da ta kwanta a kan yadin mutane ta ji nata. A gida ya kurɓi shayi ya ajiye kofi.

"Yaya, ligali shayin nan ya huce."

"Ligali ka tashi ka ɗumama," in ji Goggo, ba ta ko ɗago ba.

Kafin Asabar kalmar ta bi layin shagunan kaf. Mai aski yana gaya wa masu jira cewa ligali wanda ya fita shan iska ya rasa layinsa. Mai kyamis ya ce ligali ba ya buɗe kwalbar magani a ɗanɗana. Tela ya ɗan ji haushin yadda kowa ya ɗauka ba tare da ya sha wahalar samo ta ba, amma ya bar musu. Maɓalli kuwa dariya take yi har ta dafa bango, ta ce Baba zai sa a kama su duka.

Sai dai ita tana ƙirga kwanaki. Ranar Lahadi da rana, yana yanka, ta zauna a kan kujerar masu jira tana wasa da guntun alli.

"Baba, in kotu ta ɗage zaman fa? Alhamis ce, kuma Juma'a ake rufewa."

Almakashin ya tsaya a tsakiyar yadi. Bai taɓa kawo wannan a ransa ba, kuma da ya kawo sai tsoro ya shige shi: yana can yana rawar kai, zai iya jawo wa yarinyar asarar gurbin da ta yi shekara biyu tana karatu a kansa.

"In ta ɗage," ya ce, "Juma'a da sassafe ni da kaina zan kai wa Baffanki fom ɗin. Ba za ki rasa komai ba."

"Ba za ka ji haushi ba?"

"Zan ji. Amma zan kai."

Saura shaidar cewa shi ya riƙe ta. Nan ya ɗan rikice. Sakamakon makarantarta ruwa ya cinye rabi shekarar da rufi ya yi yoyo. Hotuna kuwa akwai, sai dai duk shi ne mai ɗauka, ba ya cikin ko ɗaya. Yana tsaye a shago yana sosa ƙeya idonsa ya sauka a kan kantar sama, inda littattafan awo suke jere.

Tela ba ya yarda da ƙwaƙwalwa a harkar awo. Kowace shekara sabon littafi yake saya, dogo mai baƙin bango, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban tef ɗinsa yana ciki: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, tsawo, da kwanan wata. Yana da wata ɗabi'a kuma, ba ya fara sabon littafi da awon baƙo. Shafin farko na Maɓalli ne, tun shekarar da ta shigo gidan, sannan duk sanda riga ta matse ta sai ya ƙara wani layi, da 'yar magana a gefe don ya tuna. Ya sauko da waɗanda take ciki ya kaɗe ƙura. Goma sha huɗu ne cif.

Bai gaya wa Lauya ba, yana so ya ba shi mamaki. Sauran kwanakin ya ɗinka wa kansa kwat, na farko a rayuwarsa, shi da ya yi shekara talatin yana sa mutane fes yana yawo da rigar da aljihunta ya yage.

Kotun ba ta kai yadda ya zata ba. Ɗaki ne matsakaici a hawa na biyu, benci shida, fanka mai ƙara, da taga ɗaya da ba ta rufuwa. Sun iso da wuri: shi da sabon kwat, Goggo, Maɓalli, Mai aski a matsayin shaidar unguwa, sai Baffa da ya zo kai tsaye daga tasha da rigar aiki. Tela ya gaishe shi da mutunci, idonsa kuwa yana kan kafaɗar rigar, wadda ta zubo masa da inci biyu. Magatakarda ya tambayi ko akwai takardun shaida. Tela ya ɗora masa jaka biyu a tebur. Mutumin bai yi tambaya ba, ya ciro littattafan ɗaya bayan ɗaya, ya buga wa kowanne hatimi, ya rubuta lamba.

Lauya ya shigo yana haki daidai lokacin da ake buga na goma sha huɗu.

"Mene ne wannan?"

"Shaida."

"Na ce ka kawo shaida, ban ce ka kwaso shago ba. Ka san duk abin da aka buga wa hatimin nan ya zama na kotu?" Ya dube shi da kyau. "Kuma cire tef ɗin nan daga wuyanka."

Tela ya shafa wuya. Tef ɗin yana nan a kan sabon kwat, tun daga gida, kuma babu wanda ya gaya masa saboda babu wanda ya taɓa ganinsa ba shi. Ya naɗe ya cusa a aljihu, aka ce a miƙe.

Mai shari'a dattijuwa ce, da tabarau mai igiya, da fuskar wadda ke da shari'a ashirin kafin azahar. Ta saurari Lauya, ta duba takardun rasuwa, sannan ta dubi tulin littattafan kamar wadda aka ajiye wa wanki. Ta jawo na farko ta buɗe.

"Maɓalli. Kafaɗa takwas, tsawo goma sha tara. Ta ƙi tsayawa." Ta ɗago. "Wace ce Maɓalli?"

"Ga ta nan, ranki ya daɗe. Makonta na farko a gidana ta haɗiye maɓallin kwat, babba. Kwana biyu muna jira."

"Ya fito?"

"Ya fito, ranki ya daɗe. Amma ba mu mayar wa mai kwat ɗin ba."

Wani a bencin baya ya tuntsire da dariya. Maɓalli ta rufe fuska da gyale. Mai shari'a ta ci gaba da buɗe shafuka, yanzu ba da sauri ba, har ta tsaya a wani wuri. Ta karanta sunan Lauya, cikakke, da ƙugu talatin da huɗu. Ta ajiye, ta zaro littafin ƙarshe daga ƙasan tulin, ta laluba har ta samo shi. Ƙugu arba'in da shida. Ta sauke tabarau ta dubi Lauya daga sama zuwa tsakiya.

"Kotu ta lura," ta ce.

Ɗakin ya ɗauki dariya gaba ɗaya, har ɗan sandan bakin ƙofa. Lauya ya ja cikinsa ciki, ya ce ranki ya daɗe wannan ba ya cikin abin da ke gaban kotu. Tela dai daɗi ya cika shi, yana ta gyaɗa kai, don awon daidai ne, shi ya yi shi.

Ta riƙa ɗaukar littattafan nan da can tana karanta gefen shafi. Aljihu biyu, tana tara kusoshi. Hannun hagu ya karye, a faɗaɗa hannun riga. Ba ta son ja kuma. A ƙara tsawo, ta wuce Goggo. Da ta koma kan na huɗu sai muryarta ta ragu. Shekarar da uwar ta rasu ce.

"Rigar makaranta, a rage ƙugu inci ɗaya. Ba ta cin abinci." Ta juya shafi. "A sake ragewa, rabin inci." Ta juya, ta juya, ta wuce awon mutane da yawa. "A saki inci ɗaya. Ta ci."

Tela ya manta ya rubuta wannan. Ya tuna ranar kuwa sarai, shinkafa ce da wake, ta cinye ta miƙo kwano, shi kuma ya fita bayan gida ya yi kuka don kada ta gani. Goggo ta fyace hanci da ƙarfi.

Aka kira Baffa. Ya tsaya yana murza hularsa.

"Ranki ya daɗe, ni jini ne kawai. Ko lambar takalminta ban sani ba."

"Talatin da tara," in ji Tela, a zatonsa a hankali.

"Malam, ba kai ake tambaya ba."

A take ya yafe wa Baffa komai, har abin da bai yi ba, ya kuma ƙudura sai ya ɗinka masa riga mai kafaɗa ta mutunci. Mai aski ya ba da tasa shaidar, ya so ya shigo da maganar benci, Lauya ya zaunar da shi. Sannan mai shari'a ta juya ga Maɓalli, ta tambaye ta ko ta yarda wannan mutum ya zama mariƙinta a wurin doka.

"Ranki ya daɗe, ni ban ma san doka ba ta sani ba sai makon jiya."

Mai shari'a ta yi rubutu. Ta karanta hukunci da Turanci, ta maimaita yadda kowa zai gane: kotu ta naɗa shi mariƙin yarinyar, da dukkan iko da nauyi, daga yau har zuwa ranar da za ta cika shekara goma sha takwas. Ta dakata, ta jawo takardar haihuwa, ta dubi kalandar bango, ta ƙirga da bakin biro.

"Malam, ka san kwana tara ne?"

Bai sani ba. Ya dubi Lauya, Lauya ya ce ai ya faɗa masa tun ranar wando. Ya dubi Goggo, ta kawar da kai tana danne dariya. Sabon kwat, jaka biyu, mako guda da rabi yana hana unguwa sakat, duk a kan kwana tara.

"Ranki ya daɗe, har da yau?"

"Har da yau."

"To a taimaka a ba ni takardar, lokaci yana tafiya."

A bakin ƙofa magatakarda ya sanar da shi cewa littattafan za su zauna a kotu kwana talatin. Ɗinki goma sha biyu ke jiransa a shago, awon duk yana cikin littafin bana. Ko a jikinsa. Da yamma ya bi mutane gida gida da tef yana sake aunawa, yana ba su labari tun daga farko, har wanda ke son wando kawai sai da ya ji abin da mai shari'a ta ce. Lauya ne kaɗai ya ƙi tsayawa, ya ce a yi amfani da na da.

Juma'a ƙarfe tara suna gaban gilashin. Ma'aikaciyar ta dubi takardar kotun na ɗan lokacin da ake duban agogo, ta turo fom. Layin sa hannun ya yi masa gajere, lanƙwasar ƙarshen ta haura gefe, amma ta fito. A ƙasa, wurin dangantaka, Maɓalli ta nuna masa inda zai kwafi kalmar mariƙi da Turanci, harafi harafi, kamar yadda Lauya ya ce. Matar ta buga hatimi ta jefa fom ɗin a tire. Tela bai matsa ba. Ya duƙa daidai ramin.

"'Yata, yanzu fa? Ligali?"

Ta ɗago, ta gane shi, ta yi murmushi. "Ligali, Baba. Na gaba."

Ya yi mulkinsa na sauran kwanakin ba tare da ya bar ko ɗaya ya tafi a banza ba. Ya ɗinka wa takardar aljihu na musamman a cikin riga. Ligali ki ƙara abinci. Ligali ki bar wayar nan ki huta. Ligali kada ki hau babur ɗin mai gudu. Maɓalli tana sara masa kamar soja tana cewa an gama, ranka ya daɗe. Ya ɗinka mata kayan aiki kala uku na makanikai, kowanne da aljihu shida, ya sa ta gwada a tsakar gida tana tafiya Goggo tana tafi. Baffa ya zo ya karɓi rigarsa, ya tsaya gaban madubi yana shafa kafaɗar, aka ci abinci tare.

Amma kwana tara ba su da yawa. Ranar Laraba kalmar ta fara yi masa nauyi. Alhamis sau biyu kawai ya faɗe ta. Juma'a da yamma Mai aski ya leƙo ya jefo masa ita don a yi dariya, Tela ya ce masa yana da aiki.

Asabar da safe ya buɗe shago, ya zauna a gaban keke bai taka ba. Yarinyar ta cika goma sha takwas, Litinin za ta hau mota. Takardar tana nan a aljihu, amma ta gama aiki. Baƙin ciki yake ji, da wani tsoro na wauta wanda ya san na wauta ne kuma ya ƙi tafiya: za ta je inda babu wanda ya san shi, inda komai sai da takarda, kuma a can in an tambaya, shi ba kowa ba ne.

Maɓalli ta shigo da wata takarda a hannu, ta ture yadi gefe, ta hau kan teburin yanka ta zauna, abin da ya hana ta tun tana ƙarama. Ta ce fom ɗin ɗakin kwanan ɗalibai ne, jiya aka turo, kuma tun da ta cika shekaru ita za ta cika abinta. Ya ce to. Tana rubutu tana kaɗa ƙafa.

"Baba, suna son wanda za a kira in wani abu ya faru. Na sa wayarka. Sun ce a ƙara lamba ta biyu, faɗa mini ta shago."

Ya taso ya leƙa. Ga sunansa da rubutunta. A gefe, wurin dangantaka, ba doguwar kalmar nan da ya kwafa a gaban gilashin ba ce. Gajera ce, kuma duk ƙarancin Turancinsa ya san ta, uba take nufi.

"Maɓalli, Lauya ya ce mariƙi ake rubutawa. Shi ma jiya ya ƙare."

"Wannan ni nake cikawa, Baba. Ba wanda ya ce in kawo shaida." Ba ta ɗago ba. "Lambar shago."

Lambar tana rubuce da fenti a allon ƙofarsa shekara goma sha biyar. Ya fara faɗa, ya kai tsakiya ya rikice. Ya sake farawa, ya juya biyun ƙarshe. Ta ɗaga biro tana jira, ba ta dube shi ba, ba ta kuma taimaka masa ba. Ya dafa teburin, ya fara a karo na uku, a hankali, lamba ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana rubutawa.